Firiza ko shanya: ina za a kai kayan lambun kaka?

Ƙanwata da ke aure a Marwa, a arewacin Kamaru, ta kira ni ranar da ta kwashi adashi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, ki ba ni shawara. Firiza nake son saya da kuɗin nan. Kuɓewar bayan ɗakina ta yi 'ya'ya har na rasa yadda zan yi da ita, ga yakuwa, ga attaruhu, ga kabewa har 11 kwance a kan rufin ɗakin girki. Na gaji da ganin abu yana lalacewa ina kallo." Na ce mata ta ƙulle kuɗinta a bakin zane tukuna, ta ba ni kwana biyu. Ina da firiza a gidana a nan Garwa shekara 6 ke nan, kuma a hannun kakarmu na tashi, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa ajiye ko ƙwayar tumatir a cikin na'ura ba, amma ba a taɓa rasa miya a gidanta ba tun daga kaka har wata kakar. Na ga amfanin hanyoyin biyu, na kuma sha asara a kowacce. Abin da na faɗa wa ƙanwata shi zan shimfiɗa a nan, don na san ba ita kaɗai take wannan lissafi ba.

Abu na farko da mutane suke mantawa shi ne kaka ba rani ba ce. A Marwa ruwa yakan ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, a Garwa yakan ɗan ƙara jan ƙafa cikin Oktoba, a Ngaundere kuwa da ke kan tudu damina ta fi tsawo da nauyi. Ko bayan ruwan ya ɗauke, iska tana nan da laimarta. Ki fita da asuba ki taɓa ciyawa, za ki ji raɓa ta jiƙa miki hannu. Busasshiyar iskar hunturu ba ta kankama sai cikin Nuwamba. To, lambun gida kuma a daidai wannan tsakanin yake zubo da kayansa gaba ɗaya, lokacin da rana take da zafi amma dare yake mayar da danshi. Mafi yawan asarar da ake ɗora wa shanya a waɗannan makonni take faruwa, kuma a nan ne sha'awar firiza take shiga ran mace.

Shanya da abin da take buƙata

Na fara da kuɓewa domin ita ce ta fi tayar wa mutane hankali. Ba ta jira. Kwana 4 zuwa 6 bayan fure ya buɗe ta isa tsinka, idan aka ƙara mata kwana kaɗan sai ta ƙosa, wuƙa ma ta riƙa ƙara a jikinta. Don haka duk bayan kwana 2 ko 3 sai an zagaya lambu. Wadda za a shanya a tsinke ta da hantsi bayan raɓa ta bushe, a goge ta da tsumma mai tsabta. Idan dole sai an wanke, a bar ruwan ya tsane sarai kafin wuƙa ta taɓa ta, in ba haka ba yauƙi zai fito ta manne da juna ta yi baƙi. A yanka ta sirara-sirara daidai wa daida, domin mai kauri ita take riƙe danshi a ciki alhali bayanta ya bushe, kuma ita take ɓata sauran a cikin buhu.

Inda ake shanyawa ya fi komai muhimmanci. Kakarmu ba ta yarda a baza abinci a ƙasa ba. Tana da wata 'yar rumfa mai tsawon ƙugu, an ɗora mata zana, iska tana ratsawa ta sama da ta ƙasa. Kaji ba sa kaiwa, akuya ba ta kaiwa. Da la'asar sakaliya za ki ji muryarta: "Ke 'yar nan, kwashe shanyar nan kafin raɓa ta riga ki." A lokacin ina ganin fitina ce kawai. Sai da na yi gidan kaina na bar kuɓewa ta kwana a waje sau biyu cikin Oktoba, ta yi wani toka-toka mai warin rima, na zubar da masaki guda, sannan na fahimci abin da take gudu. Yau ina amfani da firam na katako da aka buga masa raga, in rufa wani yadi mai shara-shara a sama saboda ƙuda da ƙura. Kafinta na unguwa ya haɗa mini guda 4, kuɗinsu duka bai kai na cefanen mako biyu ba. Tsohon gidan sauro da aka sa wa magani kada a rufa shi a kan abinci, ko da an wanke.

Kuɓewa rana take so. Ganye kuwa inuwa. Yakuwa, rama, lalo, zogale, karkashi, kuka da tafasa, wadda maƙwabtanmu Fulani suke kira tasba kuma babu gidan da ba a miyarta a Garwa, duk idan aka baza su a tsakiyar rana sai korensu ya koɗe su koma ruwan ƙasa. Ba kyan gani kaɗai ake rasawa ba, hasken rana yana cinye sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A, wanda shi ne babban amfanin ganye ga ido da lafiyar yara. A ƙarƙashin rumfa mai iska ganye yana bushewa cikin kwana 3 zuwa 5 da korensa. Alamar ya yi ita ce ki murza shi a tafin hannu ya ruguje. Ganye mai tauri kamar na wake ko rama yana fin kyau idan an tsoma shi cikin tafasasshen ruwa na minti 2 kafin a baza, launinsa ya fi zama kuma ya fi saurin nuna ranar da za a dafa.

Lokacin tsinkar ganye ma yana da iyaka. Kada a jira ya fara rawaya don ana ganin lambu zai mutu, a ce bari a kwashe abin da ya rage. Ganyen da ya tsufa a jikin uwarsa ɗaci da zare kawai zai ba ki. Kuka tana zubar da ganyenta da rani, saboda haka a ƙarshen damina ake tara ta. Soɓo shi ne mai zuwa a baya, sai wajen Nuwamba zuwa Disamba ake ɓare shi, lokacin iska ta bushe, shi ya sa da wuya ki ji an ce soɓo ya lalace wajen shanya.

Me shanya take ci? Tana cin bitamin C, wannan babu musu, mafi yawansa yana tafiya. Tana sauya ɗanɗano: miyar busasshiyar kuɓewa daban, ta ɗanya daban, kuma duk wanda ya ce miki ɗaya suke bai san miya ba. Tana cin lokaci da kulawa, a fitar da safe, a juya da rana, a kwashe da yamma. Me take bayarwa? Kuɓewa kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce, don haka kilo 10 na ɗanya yana komawa kilo 1 da ɗan wani abu. Abin da zai cika firiza sai ya shige cikin bokiti ɗaya mai murfi. Ba ya neman wuta, ba ya tsoron tafiya, za ki iya aika wa ɗiyarki da ke karatu a Yawunde a cikin jirgin ƙasa daga Ngaundere ya isa lafiya. Idan kuɗi ya yanke a watan Mayu, za ki iya auna kofi biyu ki sayar.

Akwai haɗari guda da ba na son a ɗauke shi da wasa, wato fumfuna. Barkono, tattasai da gyaɗa idan ba su bushe sosai ba, wata irin fumfuna tana kama su ta bar guba mai suna aflatoksin, wadda take lalata hanta sannu a hankali. Dafuwa ba ta kashe wannan guba. Abin da ya yi fumfuna ba a wanke shi a sake shanyawa, ba a kuma zuba wa kaji, zubarwa ake yi. Barkono ya bushe idan kin girgiza shi kin ji 'ya'yan suna kaɗawa a ciki, kuma ya karye maimakon ya lanƙwashe. Attaruhu ya fi barkono nama, sai an tsaga shi biyu kafin ya bushe da kyau. A sa leda a hannu wajen tsagawar, na taɓa mantawa na shafa ido, ban ƙara mantawa ba.

Ajiyar bayan shanya ita ce rabin aikin. A bar kayan su huce a inuwa kafin a rufe, don abu mai ɗumi yana gumi a cikin mazubi. A zuba a gwangwani, kwalba ko bokiti mai murfi da ke kamawa, a ɗora a kan wani abu nesa da ƙasa da bango. Ni ba na daka duka lokaci guda. Gari ya fi saurin shan danshi da rasa ƙamshi, don haka nakan bar kuɓewa da ganye yadda suke, in daka na mako biyu-biyu. Da zarar hadarin farko ya fara haɗuwa a Afrilu ko Mayu, a buɗe a duba, a sake ba su rana ta yini ɗaya.

Firiza: daɗinta da sharaɗinta

Ba zan ɓata firiza ba, domin ta yi mini rana. Abin da take yi shanya ba za ta taɓa yi ba: ki ci miyar ɗanyar kuɓewa a watan Maris da ɗanɗanonta na damina. Attaruhu yana fitowa da ƙamshinsa kamar yau aka tsinke. Markaɗen kayan miya kuwa, ga macen da take fita aiki ta dawo a gajiye, rahama ne. A 'yan shekarun nan da azumi yake faɗowa cikin rani, na san darajar buɗe murfi in ɗauko ƙullin jajjage ba tare da na nemi turmi ba. Bitamin ma ya fi zama a abin da aka daskarar fiye da wanda aka shanya.

Sai dai ita ma tana da nata aikin, ba zubawa kawai ake yi a rufe ba. Kuɓewa da ganye suna bukatar a tsoma su a tafasasshen ruwa, kuɓewa minti 3 zuwa 4, ganye minti 2, a tsame a jefa cikin ruwan sanyi, a tsane, sannan a ƙulla a leda daidai na girki ɗaya-ɗaya. Idan ba a yi haka ba, ko suna daskare launi da ɗanɗanonsu suna ci gaba da lalacewa. Attaruhu da tattasai ne kawai ake sakawa haka nan bayan an wanke an tsane.

Babban sharaɗin shi ne sanyin ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifiri, dare da rana, wata da watanni. A nan ne lissafin ya kan rushe mana. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982, kuma idan ruwa ya ja baya da rani ƙarfinta yana raguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun kawo sauƙi, amma kowa ya san watannin zafi su ne watannin ɗaukewar wuta, kuma su ne watannin da ake son cin abin da aka ajiye. Firizar da take cike, idan ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kusan awa 48. Wadda take rabi, kusan awa 24. A zafin Afrilu na Garwa da Marwa da ke haura digiri 40, kada ki dogara da cikar waɗannan awoyi.

Shekara 3 da suka wuce taransifomar unguwarmu ta ƙone, muka yi kwana 5 babu wuta. A rana ta uku na buɗe firiza na tarar da ƙullin kuɓewa da yakuwa na wata biyu sun narke suna iyo cikin ruwan nama. Abin da ya cetu shi ne wanda na dafa a ranar na raba wa maƙwabta. A wannan makon kuɓewar da na shanya, wadda na ɗauka ta talaka ce na tura bayan ɗaki, ita ta riƙe gidan. Tun daga nan na daina ɗora wa firiza ajiyar shekara.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa mai saye. Firiza ba ta zama ta kayan lambu. Ranar da ta shigo gida, nama zai shiga, kifin Binuwai zai shiga, ƙanƙara da soɓon sayarwa za su shiga, maƙwabciya za ta aiko da nata ƙullin a ajiye mata. Bayan Babbar Salla kuwa ko wurin allura babu. Kuɓewar da aka saye ta dominta sai ta koma baƙuwa. Ga kuɗin wuta kowane wata, ga na'urar daidaita wuta da dole a haɗa mata idan ba a son injinta ya ƙone. Idan mace za ta yi sana'ar ƙanƙara da soɓo da ita, firiza tana mayar da kuɗinta. Idan don kuɓewa da yakuwar bayan ɗaki ce kawai, an sayi doki don a ɗauko ruwa a randa.

Firij na gida, mai sanyi ba mai daskarewa ba, na kwanaki ne kawai, kuma kayan lambunmu na ƙasar zafi ba sa ƙaunarsa sosai. Kuɓewa tana yin tabo baƙi-baƙi idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 7. Tumatirin da bai gama nuna ba idan ya shiga firij ba ya ƙara nuna da daɗi.

Tukunya cikin tukunya

Tsakanin shanya da firiza akwai wata hanya da ba ta samu karɓuwar da ta kamace ta ba a wajenmu. Tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen buhu ko tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take wucewa. Ruwan da yake tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki, daidai yadda randa take sanyaya ruwan sha. Wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyukan arewacin Najeriya a shekarun 1990, har ta sa ya samu lambar yabo ta Rolex.

Amfaninta shi ne ta ja ran ɗanyen kaya daga kwana 2 ko 3 zuwa mako ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye da haka ga yalo da tumatir masu ƙarfi. Ba ta ajiyar watanni ba ce. Kuma da busasshiyar iska take aiki, don haka a farkon kaka da iska take da laima ba za ki ga wani abin kirki ba, sai hunturu ya shigo har zuwa bazara take nuna kanta. Ga mai 'yan tushen tumatir da yalo da take tsinka kaɗan-kaɗan, ta wadatar. Matan da suke gina tukwane suna kawo su kasuwar Pitowa da ke kusa da Garwa ranar Lahadi, a je da igiya a auna bakin babbar kafin a zaɓi ƙaramar, a bar tazarar yatsu biyu ko uku don yashi.

Waɗanda ba sa son kowa ya dame su

Kabewar ƙanwata guda 11 ba ta bukatar firiza ko shanya. A bar ta ta ƙosa a jikin yaɗonta har bawon ya yi tauri, farce ya kasa shiga. A yanke ta da guntun karanta mai tsawon yatsa, kada a fizge, domin ta wurin da karan ya cire ruɓa take shiga. Ta sha iska kamar kwana 10, sannan a jera a kan katako a ɗaki mai iska, kada su taɓa juna. Lafiyayyar kabewa tana kai wata 3 ko fiye. A riƙa dubawa, wadda ta fara laushi a ci ta da wuri. Abin da nake roƙo kawai shi ne a sauke ta daga kan kwanon rufi, zafin kwano da rana tsaka yana dafa gefen da ya kwanta a kai.

Dankalin Hausa sanyi ne maƙiyinsa. Ƙasa da digiri 13 cikinsa yana lalacewa, don haka firij ba wurinsa ba ne. A haƙa shi a hankali kada fartanya ta sare shi, kada a wanke, a tara a inuwa a rufe da buhu ko ganye na kwana 4 zuwa 7 don ƙujewar jikinsa ta warke, sannan a binne cikin busasshen yashi. Wanda ya ji rauni a fara da shi.

Albasa labarinta daban ne, kuma mutanen Marwa ba sa bukatar in koya musu, su da lambunan Meskin suke bakin ƙofarsu, motoci suna lodi zuwa Yawunde da Duwala. Abin da zan tuna wa mai lambun gida shi ne albasar damina ba ta ajiyuwa, ruwa ya yi mata yawa, a ci ta ko a yanka a shanya, lawashinta kuma a yi gabu. Albasar ajiya ita ce ta rani, wadda ake dasawa bayan damina a cire daga Fabrairu zuwa Afrilu, irin su Gudami ta Marwa da 'yar Galmi. A daina ba ta ruwa idan ganye ya fara kwanciya, a bar wuyanta ya bushe ƙayau kafin a shigar da ita rumfa. Albasa tana zama lafiya ko dai a sanyi kusa da sifiri, ko a ɗumi na digiri 25 zuwa 30 mai iska. Sanyi na tsaka-tsaki shi yake tayar da ita ta tsiro. Wato rumfar kara mai iska ta fi mata firij.

Tumatir: kauɗa, kwalba ko ƙanƙara

Tumatir ne kaɗai inda nake ganin hanyoyin uku suna kokawa da gaske. Amma kafin nan, kada a wahalar da kai a kan ɗan tumatirin damina da ya rage a lambu, a cinye shi. Lokacin ajiyar tumatir shi ne Janairu zuwa Maris, sa'ad da na lambunan rani ya cika kasuwa ya yi araha, iska kuma ta bushe ƙarau. Ana ajiye shi ne don watannin farkon damina da yake tsada kamar zinariya.

Kauɗa ta fi kowacce sauƙi. Tumatir kusan kashi 94 cikin 100 ruwa ne, kilo 10 ba ya ba da cikakken kilo 1 idan ya bushe. A zaɓi mai nama, dogon nan, a tsaga, a ɗan barbaɗa gishiri, a baza a kan raga. Mutanen Abeshe a gabashin Chadi sun shahara da busasshen tumatir da garinsa, har Njamena ake kai shi, kuma miyarsu ba ta rasa komai ba. Abin da ya ɓata wa kauɗa suna shi ne wadda ake bazawa a ƙasa a bakin hanya, ta kwashi yashi ta yi baƙi. Wadda kika yi da hannunki a kan raga ja take fitowa.

Kwalba ta fi ba da miya mai kama da ta ɗanye, kuma ba ta neman wuta bayan an gama, amma tana da doka. A markaɗa, a dafa, a zuba da zafinsa cikin kwalba mai tsabta mai murfin da bai yi tsatsa ba, a sa cokali 2 na cin abinci na ruwan lemun tsami a kowace lita, a rufe, a nutsar da kwalaben cikin tukunya ruwa ya shanye kansu, su tafasa aƙalla minti 45. A wuri mai tudu kamar Ngaundere ruwa yana tafasa da ƙarancin zafi, sai an ƙara lokaci, shi ya sa ni nake cewa kowa ya cika awa guda ya huta. Tsamin nan ba don daɗi ba ne, shi yake hana wata ƙwayar cuta mai kisa girma a inda babu iska, kuma gubarta ba lallai ta yi wari ko ta sauya launi ba. Saboda wannan dalili, kuɓewa, wake, kabewa da ganye ba a sa su a kwalba ta wannan hanya ko kaɗan, ba su da tsami. Kada kuma a cika markaɗen da albasa da tattasai, suna rage tsamin. Kwalbar da murfinta ya kumbura a zubar ba tare da an ɗanɗana ba.

Firiza ita ce ta uku, kuma a wurina ta ƙarshe, don markaɗen tumatir yana cin wuri sosai. Idan za a sa, a dafa shi ya ƙafe ya koma rabi tukuna.

Wake ba kayan miya ba ne, amma kusan duk mai lambu tana da 'yan kunyoyinsa, kuma a kansa ne mutane suke yin abin da ya fi ba ni tsoro, wato zuba maganin ƙwarin gona ko na auduga a cikin abin da yara za su ci. Babu bukata. Dabarar buhu mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, a Marwa aka fara gwada ta a ƙarshen shekarun 1980, tsakanin masu binciken noma na Kamaru da na Jami'ar Purdue ta Amurka, kafin daga baya ta bazu a Afirka da sunan buhun PICS. Iska take hanawa, ƙwaron ya mutu da kansa. Ga mai wake kaɗan, jarka mai tsabta da aka cika har wuya aka toshe bakinta tana yin wannan aiki, muddin waken ya bushe sosai kuma ba a riƙa buɗewa ba.

Da kwana biyun suka cika na kira ƙanwata. Na ce, "Ƙanwata, in kina da niyyar sana'ar ƙanƙara da soɓo, kuma layinku ba ya yawan rasa wuta, sayi firizarki, ki ware mata kwando ɗaya na attaruhu da ɗanyar kuɓewa don marmari, abin da ba zai sa ki kuka ba in ya narke. In kuwa don lambun nan ne kawai, ki ba kafinta aikin firam 4, ki sayi bokiti 3 masu murfi, tukwane 2 da kwalabe, ki sauke kabewar nan daga kan kwano yau ɗin nan. Ragowar kuɗin ki sayi tumatir da albasa a watan Fabrairu lokacin da suke araha."

Ta yi shiru, sannan ta ce ita fa ta riga ta gaya wa matan adashi firiza za ta saya, kuma har maƙwabciyarta ta fara tambayar ranar da za a kawo. Na ce to wannan kuma ba maganar kuɓewa ba ce. Ta yi dariya ta ce za ta yi shawara da maigidan. Jiya ta turo mini hoto: firam biyu jingine da bangon ɗakin girki, kuɓewa a baje a kai, kabewa jere a kan benci a inuwa. Ban tambaye ta zancen firiza ba, na dai rubuta mata cewa ta kwashe shanyar kafin magariba.